Injiniya da Man Birki

A layin nan kowa ya san tela, sai dai in kana son ɗinkinka ya fito da wuri, kada ka kuskura ka kira shi tela. Injiniya za ka ce. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya kwance keken ɗinkinsa ya mayar, keken kuma ya yarda ya ci gaba da aiki. Tun daga ranar ya ɗauka duk wani abu mai noti a duniya ɗan gidansu ne. Ya gyara wa mai askin da ke tsallaken gidansa fanka, ta koma juyawa da baya, ya ce iskar ta fi lafiya haka. Ya gyara rediyon matarsa, yanzu tasha ɗaya take kamawa, ita ma sai an ɗora mata dutsen guga a ka.

Babban abin taƙamarsa kuwa kunnensa ne. "Ni da kunne nake aiki," haka yake cewa yana jan fatar kunnen. "Inji ya yi tari sau ɗaya a gabana, na san abin da ke damunsa, har da abin da zai dame shi baɗi."

Yayansa, wanda suke ciki ɗaya, ɗan kasuwa ne mai tsadar magana, yana da wata tsohuwar farar mota da yake lallaɓawa kamar ƙwai. Wata safiya ya faka ta a ƙofar gidan Injiniya, ya fito rataye da jakar tafiya.

"Zan je in taho da sabuwa," in ji shi. "Ga wannan amana. In na dawo na same ta lafiya, ta zama taka."

Injiniya ya buɗe baki zai fara godiya, Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Takalman birkinta sun cinye. Na sayi sababbi, suna cikin but. Ka kai wa bakanikena ya sa. Bakanikena na ce. Ka ji ni?"

"Na ji, Yaya."

"Maimaita."

"Bakanikenka."

Gaskiyar magana, babu abin da Injiniya yake so a duniya kamar motar nan. Ya gaji da tsayuwa a bakin titi da ƙunshin yadi a hammata yana ɗaga wa motar haya hannu. Ya gaji da ganin matarsa, malamar makaranta, tana dawowa a yamutse, an taka mata takalmi, an zauna mata a kan mayafi. Sau da yawa yana zaune yana taka keken ɗinki, amma a ransa totur yake takawa. Duk da haka, Yaya yana shan kwana kalmar nan ta bakanike ta fara yi masa ƙaiƙayi. Wato shi Injiniya guda, a ce ya ɗauki aiki ya kai wa wani? Layin nan ai ba za su bar shi ya sha ruwa ba.

Ranar hutu da safe ya shimfiɗa tsohon labule a ƙasa, ya jera jak da sifanu, ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya jingina waya a jikin bulo. A cikin wayar wani mutum ne yake sa takalman birki yana bayani da harshen da Injiniya bai taɓa ji ba. Duk inda mutumin ya tsaya yana nuni da yatsa yana jan bayani, sai Injiniya ya tsallake.

"Surutu ya yi masa yawa," in ji shi. "Da gani sabon shiga ne."

Matarsa ta fito da bokitin wanki, ta tsaya.

"Baban yara, ba bakanike aka ce ba?"

"To ni mene ne? Mai tallan albasa?"

"Tela ne kai."

"Keke da mota duk uwarsu ɗaya. Wancan ƙafa ake takawa, wannan ma ƙafa ake takawa. Je ki yi wankinki."

Kafin ya cire tayar farko ya samu 'yan kallo. Mai aski ya jawo bencinsa bakin shago don kada komai ya wuce shi. Can kuma ga Baba Direba, wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan manyan motoci har rugugin inji ya cinye masa rabin ji, ya zo ya zauna a kan bulo ya dogara sanda.

Shi takalmin birki fuska biyu gare shi. Ɗaya mai kaushi, ita ce take cafke faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya har mota ta tsaya. Ɗayar kuwa bayansa ce, ƙarfe mai santsi da aka shafa wa fenti. Injiniya ya juya shi nan, ya juya shi can, ya shafa kowane gefe a kumatunsa yadda yake gwada yadi.

"Ka ga inda ilimi yake aiki," ya ce wa mai aski. "In zan ɗinka maka riga, wane gefe nake sawa ya taɓa jikinka?"

"Mai laushi."

"Shi ke nan. Mai santsi ciki, mai kaushi waje. Wane mugu ne zai sa wannan kaushin ya riƙa gurzar faifai?"

Haka ya bi ƙafafun motar duka yana sa mai santsi ciki. Inda abin ya ƙi shiga ya lallashe shi da guduma. Da ya gama, sai ga waɗansu 'yan siraran ƙarafa sun rage a kan labule.

"Waɗannan fa?" in ji mai aski.

"Na ajiya ne. Ba ka ga yadda ake liƙa maɓalli ɗaya a cikin riga ba, ko da wani zai faɗi? Kamfani ne ya yi mana kara."

Ya tattara su ya zuba a aljihu, ya karkaɗe hannu, ya shiga mota ya tayar. Ya sa giyar baya, ya leƙo ta taga yana cewa kowa ya buɗe ido ya ga aiki. Da ya taka birki sai ƙafarsa ta tafi salalala har ƙasa, ba abin da ya tare ta. Mota ta tsallaka layi da baya ta nufi shagon aski. Mai aski ya watsar da benci. Wani mutum da aka aske wa rabin kai ya fito a guje da ƙyalle a wuya yana salati. Motar ta ture bencin, ta haɗa shi da bango, ta tsaya.

"In an sa sabon takalmi sai an tattaka birki tukuna kafin a motsa!" Baba Direba ya daka tsawa yana buga sanda a ƙasa. "Sai ya yi tauri!"

"Na sani, Baba," in ji Injiniya, gumi na bin wuyansa. "Bencin nake gwadawa. Katakon banza ne, na daɗe ina faɗa masa."

Aka tattaka birki ya yi tauri. Injiniya ya ce yanzu za a yi gwaji na gaske, ya ɗauki mai aski a gaba a matsayin shaida. Ba su wuce gida uku ba sai suka ji ƙwalam, ƙwalam, ƙwalam daga ƙasa. In mota ta ƙara gudu ƙarar ta ƙara, in ta rage ta rage. Injiniya ya karkata kai, ya lumshe ido ɗaya.

"Buɗe idonka, tuƙi kake!" in ji mai aski.

"Shiru, ina sauraro. Wannan giya ce. Giya ta biyu ce take da sanyi. Tsohon ciwo ne, Yaya bai lura ba."

"To me ya sa tayar gefena take rawa?"

Suka tsaya. Injiniya ya ɓamɓare marfin taya, sai ga notoci sun zubo ƙasa suna gangarawa. Ashe da ya kwance su a cikin marfin ya tara su, ya ɗaura waɗansu, ya manta da sauran, ya mayar da marfi a kansu.

"Giya ta biyu kenan take gangarawa kwata?" in ji mai aski.

"Ai na ce daga ƙasa ne. Giya a sama take?"

Aka tsince notoci aka ɗaura. Ƙwalam ta tafi. Tafiyarta ce ta ba babbar ƙarar fili. Da Injiniya ya taka birki a bakin layi, motar ta saki wani gurnani, gurrrr, irin na injin niƙa in an zuba masa tsakuwa. Sitiyari ya kama karkarwa a hannunsa, wani warin ƙarfe mai ƙuna ya cika motar. Kafin su dawo ƙofar gida mutane sun fito, kowa ya zama likita.

"Ni dai ƙurrr na ji," in ji mai shagon kusurwa.

"A'a, gurrr ce," in ji mai wanki da guga. "Ƙurrr daban, gurrr daban. Motar kawuna da ta yi gurrr, sati ba ta ƙara ba."

"Me suke cewa?" Baba Direba ya tambaya.

"Wai motar tana ƙara, Baba!"

"Ni ban ji komai ba. Lafiyarta ƙalau."

Injiniya ya kama wannan da hannu biyu. "Kun ji babban direba! Sabon takalmi ne. Ku in kun sayi sabon takalmi ba ya cizo? Sai ya saba da ƙafa."

"Nawa dai bai taɓa hayaƙi ba," in ji mai aski.

Ana cikin haka matarsa ta fito riƙe da kwalin da takalman suka zo a ciki. Ta ɗauke shi ne za ta yanka wa 'yan ajinta su yi zane, sai ta ga hoto a bayansa. Ta tsuguna ta leƙa ta cikin taya, ta dubi kwali, ta sake leƙawa.

"Baban yara, a hoton nan mai kaushin ne a ciki."

"Hoton ƙasar waje ne. Su can komai nasu a juye yake."

"Tela guda," ta ce, tana ɗaga murya yadda 'yan bayan aji za su ji, "ka sa wa mota riga bai-bai."

Layi ya kwashe da dariya. Mutumin nan mai rabin aski, wanda har yanzu yake jiran a ƙarasa masa, sai da ya riƙe bango. Injiniya ya fizge kwalin, ya ƙura masa ido, ya ce da ma yana sane, ya sa su haka ne don su goge tsatsar faifai kafin a juya su, kuma wannan dabara ce da ba kowane bakanike ya sani ba.

"Wallahi na yarda," in ji mai aski. "Babu bakaniken da ya san ta."

Ya sake kafa jak, ya sake bin ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, rana na dukan ƙeyarsa. Faifan da ɗazu suke sumul yanzu duk sun yi zane-zane. Ya shafa su da yatsa, ya waiga ya ga ko wani ya gani, ya yi maza ya rufe da taya. Siraran ƙarafan nan suna nan a aljihunsa suna sukar cinyarsa, bai ko tuna da su ba.

Gurnani ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa ya fi shi sharri. Da ya taɓa birki ko kaɗan sai motar ta tsala ihu, ƙiiiii, siririya mai shiga haƙori. Kaji suka watse. Wani jariri a gidan maƙwabta ya farka ya ɗauki amshi. Baba Direba kansa ya sa ɗan yatsa a kunne ya girgiza.

"Wa ke busa usur?" ya ce.

Injiniya ya zagaya layi ya dawo, ya sake zagayawa, wai ko za ta gaji. Ba ta gaji ba. Ya ce ƙura ce, ya wanke da ruwa. Ya ce iska ce ta shiga, ya rage wa tayoyi iska. Ya kwanta a ƙasa ya manna kunne a jikin taya, ya sa matarsa ta shiga ta taka, ya tashi da baƙin mai a kunci ya ce yanzu kam ya gano, daga hagu ne. Mai aski ya ce shi daga dama yake ji. Mai wanki ya ce daga ko'ina ne.

Ana wannan gardama wayarsa ta yi ƙara. Yaya ne.

"Na shigo gari da sabuwar. Bayan la'asar ka kawo min tsohuwar gida in gan ta. An sa birkin?"

"An sa, Yaya."

"Bakanikena?"

"Hannun ƙwararre ne ya sa, Yaya."

"Ba ta ƙara ko? Ka san ba na son ƙara a mota."

"Ƙara? Ko numfashinta ba ka ji."

Ya kashe waya. Ya dubi motar, ya ga kamar tana yin nisa da shi alhali tana tsaye. Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah ka kai wa bakaniken nan. Har yanzu da sauran lokaci. Ka ce masa ka yi kuskure, ba yanka ka zai yi ba. Ni fa na riga na faɗa wa malaman makarantarmu mun kusa yin mota."

Ya kusa yarda, har ya laluba makulli. Sai Baba Direba, wanda bai ji ko kalma ɗaya daga cikin maganarsu ba, ya ɗago kai.

"Yaro, ka duba man birki kuwa?"

Injiniya ya tsaya cak. "Man me, Baba?"

"Man birki! Mota ba ta zama lafiya sai da man birki!"

Fuskar Injiniya ta washe. Ya dafe kai, ya yi dariya har da buga cinya. Shi da ya shekara yana ɗiga wa keken ɗinki mai duk lokacin da ya yi ƙiii, a ce wannan ta shige masa duhu! Abu yana kuka, ƙarfe yana gogar ƙarfe, me yake nema in ba mai ba? Ga shi har sunan ya faɗi komai. Man gashi a gashi ake shafawa, man keke a keke, to man birki fa?

"Ai abin da nake shirin yi kenan," ya ce. "Na bari ne in ga ko akwai mai ilimi a layin nan. Baba, kai kaɗai ka ci."

Ya hau motar haya ya je shagon kayan mota ya dawo da gora. Baba Direba ya ga gorar ya gyaɗa kai, ya tafi gida ya yi salla ya ɗan kishingiɗa. Injiniya ya ɗauko ɗan bututun da yake ɗiga wa keke mai, ya cika shi, ya bi faifan gaba yana tsiyayawa, ya shafe da ƙyalle ciki da waje har suna sheƙi. Takalman ma ya jiƙa su sharkaf. Ya koma na baya.

"Su ma?" in ji mai aski. "Na ga kamar na gaba ne masu ihun."

"Ni ba na son kai a aiki. Abin da aka yi wa na gaba a yi wa na baya."

Ya shiga ya tayar, ya hau layi ta gefen da yake da ɗan tudu, a hankali, ya taka birki. Shiru. Motar ta ɗan shuɗa ta tsaya, don tudun ma kaɗai ya isa ya tsayar da ita. Ya sake takawa. Shiru, ko ƙis. Ya fito ya bar ƙofa a buɗe, ya ware hannuwa.

"Ina masu kunne? A saurara!"

Mai wanki ya yi tafi. Mai shago ya ce lallai mutumin nan ba a banza ba. Mai aski kansa ya sosa ƙeya ya ce to, yau dai ya ga abin mamaki. Matarsa ta yi ajiyar zuciya ta shiga ta sauya mayafi.

Bayan la'asar Injiniya ya fito cikin sabuwar riga, ya fesa turare. Ya sa Baba Direba a gaba don girmamawa, matarsa da mai aski a baya. Gidan Yaya yana ƙarshen wani dogon layi ne mai gangara, kuma tun daga sama suka hango sabuwar motar a ƙofar gida, baƙa wuluk, ledar kujerunta ko cirewa ba a yi ba. Maƙwabta sun kewaye ta suna sa albarka. Yaya yana tsaye a gefe ya harɗe hannu.

Injiniya ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu, ya danna hon don kowa ya juyo. Kowa ya juyo.

"Yanzu ku lura," ya ce wa na cikin mota. "Zan tsaya daidai bayanta, tazarar taku ɗaya, Yaya ba zai ji komai ba."

Ya taka birki. Babu ƙara ko kaɗan. Motar ta ci gaba da tafiyarta cikin natsuwa kamar ba da ita ake ba.

Ya ƙara takawa. Ta ɗan ƙara sauri.

"Taka birki, yaro," in ji Baba Direba.

"Na taka!"

"Me ya ce?"

"Ya ce ya taka!" mai aski ya yi ihu a kunnensa.

"Bai zuba man ba ne?"

"Na zuba, Baba! Gora guda!"

"A ɗan tulun da ke cikin bonet?"

"Wane tulu? A birkin na shafa!"

Wannan kam Baba Direba ya ji ta sarai. Ya saki sanda, ya dafe gaban mota da hannu biyu, ya fara salati da ƙarfi.

"Ja birkin hannu!" in ji matarsa.

Ya ja har sai da ya miƙe tsaye. "Na baya yake kamawa," in ji mai aski cikin muryar kuka, "kuma Injiniya ba ya son kai a aiki!"

Injiniya ya fito da hannu ta taga yana kaɗawa a kauce. Mutanen ƙofar gida suka ɗauka gaisuwa ce, suka ɗaga masa hannu suna murmushi. Wani ma cewa yake, kai, ji yadda take tafiya ba ƙara. Sai da suka ga idanun direban sannan suka watse. Mai aski ya buɗe ƙofa zai dira, ya ga ƙasa tana gudu, ya rufe. Injiniya ya tuna da sitiyari a makare, ya murɗa, abin da ya sa maimakon ya daki tsakiyar bayan sabuwar motar, ya samu kusurwar da fitila take.

Gwaf!

Fitilar baya ta zube. Bamba ta saki gefe ɗaya ta rataya. But ya buɗe da kansa. Tsohuwar ta lotse a goshi, ruwa ya fara ɗiga daga ƙarƙashinta. Sai sabuwar motar ta fasa kuka, wiii wiii wiii, fitilunta na ƙiftawa, duk unguwa ta fito.

Babu wanda ya ji ciwo, in ban da hular Baba Direba da ta faɗa ƙarƙashin kujera. Injiniya ya fito. Ya dubi Yaya, Yaya ya dube shi. Sai Injiniya ya karkata kai wajen motar da ke kuka.

"Wannan ƙarar kuwa, Yaya, ba wani abu ba ne. In akwai sifana a gida..."

Yaya ya danna makulli, kukan ya tsaya. Ya zagaya sabuwar motarsa a hankali, ya tsuguna ya tsinci ɓallin fitila, ya duba, ya ajiye. Ya zo wajen tsohuwar, ya sa yatsa ta cikin taya, ya fito da shi yana naso.

"Wa ya sa birkin?"

"Wato, Yaya, asalin abin..."

"Shi ne," in ji matarsa, mai aski da Baba Direba a tare.

Yaya ya goge yatsa da hankici. Ya juya wajen jama'a, kuma abin da ya ba kowa mamaki, muryarsa a sanyaye take.

"Jama'a, na yi wa ƙanena alkawarin motar nan. Ni ba na saɓa alkawari. Na ba shi ita halak malak, daga safiyar yau. Ku shaida."

"Mun shaida," in ji jama'a, suna kallon juna.

Wani daɗi ya taso wa Injiniya tun daga tafin ƙafa. Idanunsa suka kawo ruwa. Ya kama hannun Yaya da hannu biyu.

"Yaya, Allah ya ƙara girma! Wallahi na san ba ka da na biyu. Kun ji ko? Tawa ce! Maman yara, kin ji? Mun yi mota!"

"Taka ce?" in ji Yaya.

"Tawa ce, Yaya!"

"Madalla. To mai mota, ka buge min mota." Ya ciro waya daga aljihu. "Bari in kira dillali ya zo ya ɗauki taka, a sayar a gyara tawa. In wani abu ya ragu, a saya wa mai aski benci, na ji labari."

Ya koma gefe yana magana a waya. Injiniya ya tsaya da makulli a hannu, bakinsa a buɗe. Mai aski ya zo ya dafa kafaɗarsa.

"Allah ya sanya alheri, Injiniya. Ka more ta."

Matarsa ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta tsaya tana kallon farar motar, ta gyara mayafinta, ta tambayi wata maƙwabciya inda ake samun motar haya a nan. Injiniya ya matso kusa da ita kamar mai tsoron a ji.

"Maman yara, dillalin ba zai iso yanzu ba. Kafin ya zo ai tawa ce ko?"

"Taka ce."

Ya miƙa mata wayarsa. "Ɗauke ni hoto a ciki. Ta gefen da bai lotse ba."

Ta dube shi, dariya da hawaye suka taho mata tare, ta karɓa. Ya shiga ya zauna, ya gyara hula, ya ɗora hannu ɗaya a sitiyari, ya fito da gwiwar ɗayan ta taga. Tana ɗaga waya mai aski ya ce a dakata. Ya ruga ya ɗauko wani ƙaton dutse, ya cusa a ƙarƙashin taya, ya ja Baba Direba gefe, sannan ya ce to, yanzu a ɗauka.